Yadda Ake Zaɓen Manhajar Hira Ta Ma'aikata a Ƙaramin Kasuwanci

Duk kasuwancin da ma'aikatansa suka kai biyar, kuma ba a rumfa ɗaya suke wuni ba, yana buƙatar wuri guda da ake maganar aiki. A Kebbi abin ya fi fitowa fili, domin harkokinmu a warwatse suke. Maigida yana Birnin Kebbi, sito yana Jega, mai sayo albasa yana Aliero, mai auno shanshera yana ƙauyukan Argungu ko Suru, direba kuma yana kan hanya. Galibi ba a zaɓar komai. Wani yaro ne zai buɗe guruf a WhatsApp ya zuba kowa, a ci gaba a haka, sai ranar da aka nemi rasit ɗin wata uku baya aka rasa, ko yaron ya yi fushi ya bar aiki da guruf ɗin a hannunsa.

A ganina tambayoyi biyu ne ke yanke hukunci. Shin wanda wayarsa ta fi ta kowa rauni zai iya amfani da manhajar? Kuma tarihin maganar da aka yi, a hannun kasuwancin zai zauna ko a hannun ma'aikaci? Ga yadda za ka bi har ka samu amsarsu.

Mataki na ɗaya: ka san wayoyin mutanenka

Ɗauki takarda ka rubuta sunan duk wanda zai shiga. A gaban kowane suna ka sa irin wayarsa, layin da yake sayen data a kai, garin da ya fi wuni, da ko yana karanta boko sosai. Kada ka tsaya ga tambaya da baki. Nemi izini ka karɓi wayar, ka duba sauran wurin ajiya da ya rage mata. Za ka tarar da ƙaramar Itel ko Tecno da ta cika maƙil da bidiyo, wadda ko sabunta WhatsApp ba ta iyawa, balle a ɗora mata sabuwar manhaja mai nauyi. Za ka tarar da mai waya 'yar rakani-kashi wadda sai kira da tes. Za ka kuma tarar da dattijon da ya fi kowa sanin shinkafa mai kyau, ya iya ajami da lissafin ka, amma rubutun boko yana ba shi wuya.

Da wayoyin waɗannan mutane za ka yi zaɓe, ba da taka ba. Maigida yana zaune wurin da akwai wuta da sabis mai ƙarfi, komai zai buɗe masa. Amma labarin da ya fi buƙata, wato farashin yau a kasuwar ƙauye da adadin buhun da aka loda, yana fitowa ne daga can inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Ka kuma tambayi kowa ko yana da imel da yake tuna lambar sirrinsa. Da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu, ba su ma san adireshin ba. Wannan tambayar kaɗai tana fitar da rabin manhajojin daga lissafi.

Mataki na biyu: ka duba irin maganar da kuke yi

Koma cikin saƙonnin mako guda da ya wuce ka karkasa su. Nawa ne umarni da sanarwa daga sama? Nawa ne rahoto daga fili? Nawa ne hoton rasit da alat na banki? Nawa ne takardu irin na kwangila ko jadawalin lissafi da mutum biyu ko uku ke gyarawa? Idan kusan duk saƙon murya ne da hotuna, buƙatarka daban take da ta ofishin masu zanen gini ko makarantar kuɗi da ke musayar takardu kullum. Sannan ka tambayi kanka: sau nawa muke komawa neman tsohuwar magana, kuma ta wata nawa baya? Mai sayar da taki da iri bashi ga manoman rani yana buƙatar maganar da aka yi a watan Disamba ta kai shi Mayu, lokacin da ake yankan shinkafa ana biya.

Mataki na uku: ka auna manhajojin

WhatsApp shi ne wanda kowa ya riga ya iya, kuma wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Yana haƙuri da raunin sabis: saƙo zai jira, da zarar layi ya dawo ya wuce. Guruf ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ana iya tura fayil har mai girman gigabait 2, kuma saƙonninsa a kulle suke tun daga wayar mai turawa har zuwa ta mai karɓa, kamfanin kansa ba ya karanta su. Akwai kuma WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, kyauta, mai wurin jera kaya da farashinsu, da amsoshin da aka tanada, da alamomin rarrabe abokan ciniki. Rauninsa a tarihi yake. Hirar tana zaune ne a cikin wayoyin mutane. Idan waya ta faɗa ruwa a fadama kuma ba a taɓa ajiye kwafi ba, shi ke nan. Sabon ma'aikaci da aka sa yau ba zai ga maganar watannin baya ba. Lambar kowa kuma a bayyane take ga duk 'yan guruf, abin da matan da ke aiki tare da maza da yawa ba sa so, kuma suna da gaskiya.

Telegram ya fi shi ta wannan fuskar. Hirar tana ajiye a rumbun kamfanin, don haka ko wayarka ta ɓata, ka shiga da wata ka tarar da komai. Mai kula da guruf yana iya buɗe wa sabon shiga duk tsohon tarihi. Ana iya ɓoye lambar waya. Tun 2022 kuma ana iya raba guruf ɗaya gida-gida, wannan na saye, wannan na sito, wannan na motoci, kowace magana da ɗakinta. Sai dai ka sani cewa hirar guruf a Telegram ba ta da irin kullin WhatsApp. Irin wannan kulli sai a hirar sirri ta mutum biyu. Babbar matsalarsa a wurinmu ita ce mutane suna mantawa da shi. Yaro zai buɗe WhatsApp sau talatin a wuni, Telegram kuwa sai an kira shi an tuna masa.

Slack, wanda kamfanin Salesforce ya saya a 2021, an gina shi ne musamman don aikin ofis. Da imel ake shiga, kowane aiki da sashensa, bincike a cikinsa yana da kyau, kuma mai kasuwanci ne ke riƙe da wurin gaba ɗaya: ranar da ya rufe wa mutum ƙofa, ba ya sake ganin komai. Amma na kyauta saƙonnin kwana 90 na ƙarshe kawai yake nuna maka, waɗanda suka wuce shekara kuma gogewa ake yi. Microsoft Teams ya dace da waɗanda aikinsu ke kan Word da Excel da taron bidiyo, kuma shi ne ya gaji Skype da aka rufe a watan Mayun 2025, amma yana da nauyi a kan ƙaramar waya. Google Chat yana zuwa tare da Gmail, ya dace da masu ajiye takardunsu a Google Drive. Dukkan ukun suna son mutum mai imel, mai karatu da rubutu da Turanci, mai sabis tsayayye.

Ga hukuncina. Idan a cikin mutanenka akwai direbobi, masu auno kaya, 'yan dako da masu gadi, ka zauna kan WhatsApp, amma ka tsara shi yadda zan bayyana a ƙasa. Idan yawancinsu matasa ne masu karatu, kuma neman tsohuwar magana da takardu ya zame muku ruwan dare, kamar kantin magani mai rassa biyu ko shagon buga takardu, Telegram ya cancanci gwaji. Slack da Teams da Google Chat kuwa sai ofishin da kowa ke da tebur da kwamfuta. Ba laifi ba ne a haɗa biyu, mutum uku na ofis su riƙe takardunsu a Google, fili kuma ya zauna kan WhatsApp. Uku dai ya yi yawa, magana za ta riƙa faɗawa tsakani.

Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa: kada kowa ya shigo da GB WhatsApp ko ire-irensa na jabu. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ana iya rufe lambar mai amfani da su, kuma ba ka san inda saƙonninka ke bi ba.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi

Manhajojin da ake biya a kan kowane mutum suke caji, kowane wata, kuma farashin Slack da dala yake. Ƙaramin tsarinsa na biya ya haura dala 7 kan mutum ɗaya a wata. Mutum goma ke nan sama da dala 70 a wata, sama da 840 a shekara. Ka buga da farashin dalar yau ka gani ko ribarka za ta ɗauka, ka kuma tabbatar katin bankinka yana biyan kuɗin waje.

Na kyautar ma suna cin data, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ma'aikaci yana jin abin a aljihunsa. Idan ka wajabta masa zama a kan layi don aikinka, adalci shi ne ka riƙa saya masa data kowane wata. In ba ka yi ba, zai riƙa kashe data, kai kuma ka riƙa cewa ba ya amsa saƙo. Ka zauna da kowa ka kashe masa saitin da ke sauke hotuna da bidiyo da kansu. Wannan kaɗai yana rage cin data da cikar waya ƙwarai.

Mataki na biyar: gwajin mako biyu

Zaɓi mutum huɗu ko biyar, ka tabbatar har da mai mafi raunin waya da wanda ya fi nisa da gari. Ku yi aikin gaske da manhajar, ba gaisuwa ba. A ƙarshen makon farko ka ce wa ɗaya daga ciki ya nemo maka rasit ɗin ranar Talata, ka ga minti nawa zai ɗauka. Ka sa wani ya tura hoto daga inda sabis ya fi muni. Ka duba saitin wayar ka ga datar da manhajar ta ci. Idan a mako na biyu mutane sun koma kiran ka ko turo maka saƙo ta tsohuwar hanya, sun ba ka amsa, ko da bakinsu ya ce manhajar ta yi kyau.

Mataki na shida: ka mallaki wurin, ka tsara shi

Nan ne aka fi yin sakaci, nan kuma zan fi daɗewa. Barin guruf ɗin aiki a kan lambar ma'aikaci daidai yake da barin littafin bashin shago a aljihun yaron shago. Sayi layi na kasuwancin, ka yi masa rajista da NIN ɗinka kai mai dukiya, ka sa shi a wayar da ke kwana a hannunka ko a ofis. Da wannan layin za a buɗe kowane guruf. Ka riƙa sa masa kati kana kira da shi lokaci-lokaci, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfanin sadarwa yana iya karɓe shi ya sayar wa wani. WhatsApp yana barin a haɗa na'urori har huɗu da lamba ɗaya, don haka akawu zai iya aiki da ita a kwamfuta ba tare da an miƙa masa wayar ba. Sai dai in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba, sauran za su fita da kansu.

Masu kula da guruf su zama biyu: layin kasuwanci, da mutum ɗaya da ka amince da shi. A saituna ka hana kowa sauya suna da bayanin guruf sai su, ka kunna neman amincewarsu kafin wani ya shigo. Kada a yaɗa mahaɗin gayyata, wato link ɗin da ake dannawa a shiga guruf. In ya fita, a sake sabo.

Sannan ka raba magana. Guruf uku sun ishi yawancin ƙananan kasuwanci. Na sanarwa, wanda masu kula kaɗai ke rubutu a ciki: farashin yau, ranar biyan albashi, hutun salla. Na aikin yau da kullum, inda kowa ke magana. Da na kuɗi, mai mutum uku ko huɗu kacal, inda ake tura rasit da alat. A WhatsApp ana iya tara su ƙarƙashin inuwa ɗaya ta tsarin al'umma da yake da shi. A Telegram kuwa ɗakunan guruf ɗaya sun wadatar, ban da na kuɗi, wanda dole ya tsaya shi kaɗai.

Saƙon murya ni'ima ne ga wanda rubutu ke ba wuya, kuma ban yarda a hana shi ba. Matsalarsa ita ce ba a iya bincika abin da ke cikinsa. Mai aune zai turo daga Argungu: "Alhaji, barka da rana. Mota ta tashi, buhu tamanin munka loda, saura ashirin sai gobe in Allah ya kai mu." Magana ta fita sarai. Amma bayan wata biyu, in gardama ta tashi kan tamanin ne ko saba'in, sai an saurari saƙo ɗari kafin a kai gare ta. Maganin abin mai sauƙi ne: duk saƙon muryar da ke ɗauke da adadi ko kuɗi, akawu ya amsa a kansa da rubutu: "An karɓa, Malam. Argungu, shanshera, buhu 80, saura 20." Wanda ya turo ya ga lambar, in da kuskure ya gyara nan take. Haka ma hoton rasit: a rubuta sunan mai shi da adadin kuɗin a ƙarƙashinsa, don bincike ya iya kamo shi.

A guruf ɗin aiki a kashe tsarin saƙo mai ɓacewa da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90. A kunna ajiye kwafin hira a Google Drive, a kuma lura cewa yanzu kwafin yana cin wuri daga gigabait 15 na kyauta da Google ke bayarwa. In ya cika, ajiyar ta tsaya. Ƙarshen kowane wata akawu ya fitar da hirar guruf ɗin kuɗi ya tura imel ɗin kasuwanci. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura a kotu idan an cika sharuɗɗansa, don haka wannan ajiya tana iya yin rana. Duk da haka guruf ba ya maye gurbin littafin lissafi. Mutum yana iya goge saƙonsa ko ya gyara shi, saboda haka abin da ya shafi kuɗi ya shiga littafi a ranar.

Ka kafa doka kan lokaci da kan abin da ake turawa. Bayan isha'i ba a neman amsa sai ga abin gaggawa, shi kuma kira ake yi. Wa'azi, siyasa, sanarwar biki da bidiyon ban dariya suna da wurarensu. In an bar su a nan, mutane za su rufe ƙarar guruf ɗin, ranar da ka turo abu mai muhimmanci ba wanda zai gani.

Mataki na bakwai: tsaro

A zauna rana ɗaya a kunna wa kowa tabbaci mai mataki biyu. A WhatsApp lamba shida ce mutum zai zaɓa da kansa, a Telegram kalmar sirri ce. A gaya wa kowa da babbar murya: lambobin da ke shigowa ta tes ba a karanta wa kowa su. 'Yan damfara suna kira su ce daga guruf kaza suke, za a yi taro ta intanet, an turo maka lambar shiga, karanto ta. Da ka karanta sun ɗauke asusunka, su shiga roƙon kuɗi da sunanka. Saboda haka duk saƙon da ya ce a tura kuɗi, ko aka sauya lambar asusun banki, sai an kira an ji murya, ko da daga lambar maigida ya fito. Alat kuma a manhajar banki ake tabbatar da shi, hoton fuskar waya ba shaida ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafi rai. A halin da wasu hanyoyin yankinmu ke ciki, ba a rubuta wa mutum ashirin cewa wane zai tashi da asuba da kuɗi kaza zuwa kasuwa kaza. Waya tana ɓata, ana aron ta, ana leƙa ta. Lokacin tafiya, hanyar da za a bi da kuɗin da aka ɗauka su tsaya tsakanin mai tafiya da mai aike. Hotunan katin shaida da lambobin abokan ciniki ma kada su yi yawo a babban guruf; amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su.

Mataki na takwas: ranar da babu sabis

A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, maƙwabtanmu suka yi makonni ba kira ba data. Ranar 4 ga Oktoban shekarar, WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta ji a jika. Don haka a rubuta lambobin kowa a takarda a manna a shago da sito. Wanda ke yawan shiga ƙauye ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. A kuma yi magana tun yanzu kan abin da mai aune zai yi in ya kasa samun maigida: iyakar farashin da zai saya, da adadin da ba zai wuce ba.

Mataki na tara: idan ma'aikaci ya tafi

A ranar da ya ajiye aiki, ko da lafiya aka rabu, a cire shi daga kowane guruf, a sake mahaɗin gayyata, a duba jerin na'urorin da ke haɗe da layin kasuwanci a fitar da tasa. A Slack ko Teams rufe asusunsa ya wadatar. A WhatsApp kuwa duk abin da ya riga ya shiga wayarsa yana nan tare da shi, ba yadda za a yi a janye, shi ya sa tun farko guruf ɗin kuɗi bai kamata ya wuce mutum uku ko huɗu ba. Abokan cinikin da ya saba hulɗa da su kuma a tura musu saƙo daga layin kasuwanci a ranar, a sanar da su wanda zai ci gaba da kula da su da asusun bankin da za su riƙa biya.